Yadda Baba Ya Koma Cin Awara

Zuwa ga Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Inna ta ce in tambaye ki ko kin saba da barkonon mutanen Ilorin.

Yaya, kin san a gidanmu ke ce mai magana da Baba. Ni ko gaishe shi zan yi, sai na tsaya bayan zana na shirya kalmomin tukuna. Kina tuna yadda kike cewa, "Ke Nafisa, bakin nan naki na ajiya ne?" To, bayan tafiyarki bakin ya buɗe.

Lokacin dashen albasa Baba ya je asibiti a Jega, aka ce jininsa ya hau, ya rage gishiri da nama mai kitse. Kin san halinsa, ba ya yin abu rabi. Ya dawo gida Jiga Makera ya hana kansa nama da kifi da kowane irin mai. Inna ta koma yi masa tukunya daban, miyar kuka tsura. Ko ƙuli ya daina taunawa a gona. Fatarsa ta bushe, ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, don ba kya nan.

Ana haka malamarmu ta koya mana cewa akwai mai iri biyu da jiki ba ya iya haɗa wa kansa, dole sai an ci. Ɗaya yana da yawa a gyaɗa da riɗi. Ɗayan ya fi wuyar samu ga wanda ba ya cin kifi, amma yana cikin waken suya. Ina rubuta darasin a aji, fuskar Baba nake gani. Na gaya wa Inna, ta yi dariya ta ce wanda ya karanta shi zai faɗa.

Ranar Asabar na jiƙa waken suya, na kai niƙa, na dafa awara ban soya ba. Na yi kwaɗon zogale da ƙuli da riɗi, na marmasa awarar a ciki, na kai masa fadama inda yake ban ruwa. Na durƙusa na ajiye kwanon. Ya buɗe ya ce, "Mi kin ka sa cikin wanga?" Yaya, na rufe ido na biya masa darasin nan kaf kamar hadda, ko numfashi ban ja ba. Da na buɗe ido sai na ga yana dariya har hularsa ta karkace. "Ashe ɗiyar tawa na magana!"

Amma bai ci ba. Ya ce sai an tambayi masu farar riga. Ranar kasuwa ya goya ni a babur har Jega, ya tsayar da ni gaban ma'aikaciyar asibitin, ya ce in sake biyawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce ya riƙa ci daidai gwargwado, kuma kada ya bar maganinsa. Da muka dawo, tun bai sauka daga babur ba ya tambayi kwanonsa.

Yanzu kowace safiya muryarsa ke tashe ni: "Likita, ina awarata?" Fuskarsa ta fara cikowa. Jiya har ya zaunar da ni kusa da shi, muka yi hira mu biyu, ba ɗan aike.

Sai dai Yaya, awarata ba ta kamawa kamar taki, shi ya sa nake marmasa ta. Baba yana zaton salo ne. Don Allah ki turo mini yadda kike zuba ruwan tsami, kafin ya ce in kawo masa yankakkiya.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya ba ki zaman lafiya a ɗakinki, Ya kawo ki gida da sallah ki ji surutuna da kunnenki.

Taki ƙanwa mai baki yanzu,
Nafisa