Laifina Ban Taɓa Cin Bashi Ba

Silver Spring, Maryland

Yaya Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Baba? A gaishe da Inna da su Afnan.

Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Kwamfutata ce dai ta mutu, a laburare nake rubutu har a kore ni, amma kada ka damu.

Abin da ya ɓata min rai shi ne banki. Katin bashin da suka ba ni bara bai isa sayen kwamfuta ba, sai na nemi na biyu. Ma'aikaciyar bankin ta tambayi albashina, na ce ni ɗalibi ne, ba ni da shi. Ta duba katin farko, ta ga ban taɓa amfani da shi ba. Na ce ai cikin akwati na ajiye shi, a gidanmu ba ma cin bashi. Wallahi da alfahari na faɗa. Sai ta ce matsalar ke nan: wanda bai taɓa ci ya biya ba, ba su san halinsa ba.

Ka ji fa, Yaya. Baba ya tsufa a Kantin Kwari ana ba shi amanar kaya saboda ba a bin sa ko kwabo, ɗansa kuma a nan shi ne abin zargi.

Jiya na sayi burodi da katin, alhali kuɗin na aljihuna, wai don in zama mutumin kirki. Kada Baba ya ji. A sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Zulkifilu