Kwaɓin Ƙasa a Gidan Kakan Kafil

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya yara?

Ranar Asabar na kai kafil ɗina, wato Balaraben da nake yi wa aiki, daga nan Thumama zuwa tsohon gidan gonar kakansa. Ginin ƙasa ne mai kauri, ga bareyi na kiwo a gindin dabino, ko gudun mutum ba sa yi. Na tarar da magina suna yaɓe. Wallahi ban san sanda na tuɓe takalmi na faɗa cikin kwaɓin ba, yadda Baba ya koya mana! Kafil ya yi ta dariya.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. Kuma don Allah kada ku rushe zauren Baba saboda bulo. Ku jira ni, da hannuna zan yaɓe shi.

Ƙaninka,
Habu