Kaset na Uku

New York, Janairu 1995

Ƙanena Hadi,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Ya mutanen Tudun Kaya? Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma na saba.

Kaset ɗin waƙoƙin rap da ka roƙa, na sayi uku na saurara a tasin da nake ja. Biyu akwai kiɗa, amma duk zancen bindiga ne da fariya, ba su dace da gidanmu ba. Na ukun ne mai gaskiya. Mawaƙin yana neman gafarar mahaifiyarsa, don ta rasu ba ya gari. Sai da na tsaya a gefen titi, fasinja yana tambayata lafiya.

Shi kam ba zan iya rabuwa da shi ba tukuna. Don Allah ka ziyarci kabarin Inna a madadina.

Yayanka,
Lukumanu