Dariyar Baba a Zango na Goma Sha Shida

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zaga tsakar gida ba sanda, mai ɗakina kuma cikinta ya shiga wata na bakwai, a taya mu da addu'a. Ni ne dai na kasa zaune na kasa tsaye. Wannan ce takarda ta uku da na fara yau, biyun farko suna kwandon shara.

Kin san shirin nan na shagon aski da nake haɗa wa sauti a gidan talabijin. Lokacin da kika tafi, wasa ne na sheƙe aya: Mai Aski ya yi wa mutum rabin kai ya tafi rabon faɗa, ko ya zame daga kujera ƙafa sama. To yanzu ba za ki gane shi ba. Tun zango na goma aka fara rage barkwanci, aka aurar da 'yarsa, aka kashe abokin faɗansa Tela. A na goma sha uku aka rushe shagon. Yanzu muna na goma sha shida, Mai Aski ya tsufa, hannunsa na rawa, yana zaune yana kallon bango minti guda cur ba wanda ya ce uffan. Sabon darakta ya ce masu kallonmu sun girma, in kiɗa ya canja dole rawa ta canja. Ban ce ƙarya yake ba, amma ni raina bai so.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin tuna a zangon farko ana tara 'yan kallo a zaure su yi dariya ana ɗauka, har Baba ya je da ke, ni ina kwance da ƙyanda? Daga baya an daina tara mutane, sai a riƙa ɗora tsohuwar dariyar. Da na kama aiki shekara tara da suka wuce, bayan rasuwarsa da shekara biyu, ina sauraron tsofaffin kaset sai na ji ta. Dariyar nan tasa mai tashi kamar tsohuwar mota, ta ƙare da tari biyu. Daƙiƙa bakwai ce. Tun ranar babu kashin da ya fita ban cusa ta ciki ba. Ban gaya wa Umma ba, ita ma ba ta taɓa tada maganar ba, amma duk Alhamis da la'asar sai ta sauya zane, ta jawo kujera gaban akwatin talabijin, ta hana kowa tari.

Wata biyu ke nan darakta ya ce a cire dariya gaba ɗaya. Na roƙe shi ya bar ko ɗaya a kowane kashi, ya ce ba gidan biki muke ba. Sati uku Umma na zama har a rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshe, sannan ta tashi ta mayar da kujera. A na huɗu na tafka abin kunya. An kawo mini hoto ba takardar labari, na ga Mai Aski ya zame daga kujera ƙafa sama, irin faɗuwar da na sa wa dariya ya fi sau ɗari. Na ce yau dai Allah Ya kawo mana wasa, na ɗora ta Baba. Sabo turken wawa, ashe shanyewar jiki ce ta kama shi a labarin. Haka ya fita, mutum na kwance baki a karkace, mahaifinmu na ƙyaƙyatawa. Wayoyin ofis kamar za su fashe. Darakta ya kira ni gaban kowa ya ce in na sake, in ajiye makullin ɗakin sauti. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Wallahi ba faɗan darakta ne ya hana ni sukuni ba. Da na koma gida Umma ta ce mahaifinku bai taɓa yi wa mara lafiya dariya ba, don me na sa shi. Ranar ce ta fara nuna ta sani. Don in wanke laifina, na kwafi dariyar ita kaɗai a waya na kai mata, ina ganin na yi dabara. Ta saurara sau ɗaya ta miƙo mini. Ta ce dariya ba dalili ta mahaukaci ce, shi kuwa da hankalinsa ya rayu. Sai ta tambaye ni me aka yi a zauren ranar har ya yi ta haka. Yaya, ni kuwa ban je ba. Na birkice ɗakin ajiya kwana huɗu, hoton kashin an daɗe da ɗora wani abu a kansa, kaset ɗin kuma 'yan kallo kawai ya ɗauka.

Ke kaɗai kika rage da kika zauna kusa da shi. Don Allah ki zauna ki tuno, ko kalma ɗaya ce, ko hular wani ce ta faɗi, ki rubuto mini da gaggawa. Idan kin manta ki faɗi gaskiya, kada ki ƙirƙira, shekara talatin ta yi da shi, za ta gane abin da ba zai ba shi dariya ba.

Ki gaishe da maigidanki da 'yan biyu da Autar Mama mai kukan banza. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, mai ɗakina ta ce ki zaɓo suna. Umma ma tana gaishe ki. Jibi Alhamis, na ga ta riga ta wanke zanen ta shanya.

Wassalam,
Ƙaninki mai jiran amsa.