Kwamfutar Othniel

Litinin, 9 ga Fabrairu, 2015

Wani ɗan sanda ya zo unguwar Karewa nemana. Mai ladabi ne, har takalmi ya cire. Yana son kwamfutar mijina Othniel, wadda na ɗauko a ka ranar da muka gudo daga Mubi. Wai angon da mijina ya ɗauki bidiyon bikinsa bara yana cikin 'yan daji, suna son ganin abokansa.

Na ce ta mutu, ko wuta ba ta kawowa. Ya ce, "Madam, muna da masu gyara. In ta tashi, za mu ba ki duk abin da yake na maigidanki." Zai dawo Juma'a.

Talata, 10 ga Fabrairu

Othniel da iyayi. Ba ya barin abokan ango su yi rawa kawai, sai ya jera su, kowa ya kalli kyamara ya faɗi sunansa da unguwarsu. Wai don tarihi. Ga tarihin nan ya zo.

Fuskarsa ba ta cikin bidiyo ko ɗaya, kullum yana baya. Muryarsa ce kawai. Tun da aka kashe shi ba ni da ita a ko'ina sai cikin akwatin nan.

Laraba, 11 ga Fabrairu

Na kai wa Bobboyi mai gyara, ko zai kwashe mini muryar kafin Juma'a. Ya ƙi taɓawa. "Adda, 'yan sanda sun zaga shagunanmu duka. Ko ka goge ma suna dawo da shi." Ya dai nuna mini da yatsa inda ƙarfen da ke riƙe komai yake, da kusoshin da ake kwancewa.

Alhamis, 12 ga Fabrairu

Baraka, maƙwabciyata tun Mubi, ta shigo ta zauna. Can ta ce ɗanta Suhaib yana cikin layin abokan angon. Tare suka yi firamare da angon, aka ce ya zo ya cika layi, shi ke nan. "Maman Virtue, in suka ɗauke shi, wa zai tsaya jin wannan bayani?"

Na ji haushinta, gaskiya. Ita nata yana da rai.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Da safe na kwance ƙarfen da wuƙar kicin. Ƙarami ne, bai fi sabulu ba. Guduma ta sha aiki kafin ya fashe. Na zuba a masai.

Ɗan sandan ya zo. Na ce haka na ɗauko ta. Ya daɗe yana kallon ramin da ke ciki, ya kalle ni, ya tafi da kwankon.

Na dafa shinkafa, gishiri ya yi yawa.

Lahadi, 22 ga Fabrairu

Virtue ta tambaye ni yadda Baba yake magana. Na ce ta je ta yi wanka.

Lahadi, 8 ga Maris

Suhaib ya kawo mana ruwa a kura. Ban so ya shigo ba, ganinsa yana ɓata mini rai. Virtue ce ta tare shi da tambayarta. Sai ya ajiye jarka, ya ɗaga hannu kamar mai riƙe kyamara, ya buɗe murya: "Kai, ɗaga kai mana! Sunanka? Wace unguwa? Kar ka ba ni kunya!"

Bai yi kama ba ko kaɗan. Na ce ya sake.