Na gyara jirgin ruwa da hannuna, yanzu na kasa haɗa ido da surukina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat, kuma ba wanda zan iya faɗa wa baki da baki.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Unguwar Dosa da matata da 'yarmu guda ɗaya, zan kira ta Ummi, shekararta shida. Tun ina yaro nake da son kwance abu in ɗaure, rediyo ne, fanka ce, janareta ne. Bara na kai motata garejin wani abokina a Kinkinau sai na ga wani tsohon ƙaramin jirgin ruwa na faiba, irin mai kama da roba ɗin nan, a kife a bayan gareji, kaji har sun mayar da shi gida. Ya ce mai shi ya daɗe da haƙura da shi, injin ma yana nan cikin shago. Ban yi shawara da kowa ba na saye shi, aka jawo min shi har ƙofar gida.

Daga nan duk Asabar da Lahadi a kansa nake. Na kankare tsohon fentin, na liƙe inda ya tsattsage da gam da zaren faiba, na wanke kabureta, na canza filogi, farfela ma sai da aka nemo min wata. Duk a bidiyoyin waya na koya. Ranar da injin ya tashi a cikin durom ɗin ruwa wallahi har tsalle na yi. Sai kuma son ƙawa ya shige ni, na yi masa kujeru masu katifa, na sa fitilu, na kai wa mai walda ya yi min rumfar ƙarfe doguwa saboda rana, na yi masa fenti shuɗi na rubuta sunan Ummi a gefe. 'Yan layinmu suka sa min suna Direban Ruwa, matata kuma ta sha mita a kan warin fetur da ƙurar faiba a tsakar gida, mun ɗan sami saɓani a kan haka, amma daga baya ita ke kawo min shayi wajen.

Mutum ɗaya da bai taɓa yi min dariya ba shi ne surukina, mahaifin matata. Tsohon malamin makaranta ne, a Yawuri ya tashi, ya san ruwa. Duk zuwan da zai yi sai ya zagaya jirgin ya ce ranar gwaji da shi za a yi.

Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, muka kai shi bakin kogin Kaduna wata Asabar da hantsi. Matata da ƙannenta da wasu abokaina suna bakin gaɓa suna ɗaukar hoto. Mu uku muka shiga, ni da Baba, wato surukin nawa, da Ummi. Rigar ruwa mai hana nutsewa biyu gare ni, na sa wa Ummi ɗaya, na miƙa wa Baba ɗayar ya ce in sa abina, shi ya iya iyo. Ni ban iya ba, ko kaɗan.

Da farko lafiya lau, muna tafiya Ummi tana ta ihun murna. Da na zo juyowa sai jirgin ya karkata, nauyin rumfar nan ya rinjaye shi gefe guda, ruwa ya fara kwararowa ciki, injin ya mutu. Jama'a, a nan ne abin ya faru. Ban kalli Ummi ba, ban kalli Baba ba. Na faɗa ruwa. Ba wani tunani a kaina sai in tsira da raina, da rigar ruwa a jikina, na bar tsoho da yarinya a cikin jirgin da nake zaton nutsewa zai yi.

Ashe wajen ba zurfi, ruwan iya ƙirjina ne. Kuma igiyar gaban jirgin tana naɗe a hannuna tun lokacin da muka taso, ban ma san da ita ba. Da na fita jirgin ya rage nauyi ya daidaita, ni kuma ina ta kici-kicin kaiwa gaɓa, ashe jan shi nake yi. Sai da na waiwaya na ga Baba ya rungume Ummi da hannu ɗaya, ɗayan yana kwarfar ruwa da hularsa, yana kallona. Wannan kallon har yau yana idona.

Mutanen bakin gaɓa kuwa abin da suka gani daban. Sun ga uba ya yi kukan kura ya faɗa kogi ya jawo jirgi ya ceci iyalinsa. Matata tana kuka tana sa min albarka, ƙannenta suka watsa hotunan a guruf ɗin dangi, har daga Zariya aka yi ta kira ana jinjina min. Da aka tambayi Baba ya aka yi, cewa kawai ya yi, "Baban Ummi ne ya jawo mu." Bai yi ƙarya ba, amma ni da shi mun san abin da bai faɗa ba.

Na daɗe ina kauce wa gidansa, ƙarshe na daure na je. Na durƙusa na ce, "Baba, ranar nan ba don in ja jirgin na sauka ba." Ya ce, "Na sani, ai ina kallonka." Sannan ya ce, "Tsoro ne, kuma ba ka taɓa shiga ruwa ba. Ka cire rumfar nan, ka zo in koya maka iyo, mu sake komawa. Maganar kuma ta tsaya tsakaninmu, kar ka ɗaga wa 'yata hankali." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da farko na so in bi maganarsa in yi shiru. To shekaranjiya muna cin abinci sai Ummi ta ɗago kai ta ce, "Abba, me ya sa ka fita ka bar ni?" Mamanta ta yi dariya ta ce ai Abba fita ya yi ya cece ki. Yarinyar kuwa ta ci gaba da kallona.

Yanzu jirgin yana ƙofar gida na lulluɓe shi da tamfol, ko kallon wajen ba na son yi. In na faɗa wa matata gaskiya na saɓa wa dattijon da ya rufa min asiri, kuma ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba, wataƙila ba za ta sake yarda in fita da yarinyar ko bakin titi ba. In na yi shiru kuma, kullum ana yabona a kan abin da ban yi ba, 'yata tana girma da tambayar da aka amsa mata da abin da ba haka yake ba.

Mata na guruf ɗin nan, ku nake so ku fi ba ni amsa. In mijinki ne, kin fi so ya faɗa miki ko ya bar ki da abin da kika ɗauka? Ita kuma Ummi, in ta sake tambayata, me zan ce mata?