Bulon Depite

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina kasuwar Kumasi? Yaya Anti Rabi da yara, da ciwon ƙafar nan taka? Mu nan Zongo da sauƙi, sai dai ni zama ya gagare ni.

Kwatar bayan gidanmu ce dai. Kafin zaɓe mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya zo ya rantse zai gina ta. Baba ya tara dattawa, aka raba goro, ya yi masa Fatiha, mu kuma muka sha rana a layi muka zaɓe shi.

Watan jiya suka dawo aza harsashi, da rumfuna da kujerun haya da makaɗa. Abin da aka ɓarnatar ranar ya isa gina rabin kwatar. Depite ya ɗora bulo ɗaya, aka tafa. Washegari mota ta zo ta ɗauke bulon! Na tare direban, ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, gobe ana bukatarsa a unguwar Larle."

Ruwan Juma'a ya cika kwatar har ya kayar da bangon ɗakin Inna, yanzu wurina take kwana. Na ce wa Baba mu kai kuka wurin magajin gari. Ya ce, "Goro dai dattawa sun ci. Fatihata ce ban san inda zan karɓo ta ba."

Inna na gaishe ku duka. Ka yi mana addu'a, Yaya, tunda tamu mun ba wanda bai cancanta ba.

Ƙanwarka,
Hadiza